Yadda Ake Doguwar Tafiya A Jirgin Sama Da Yaro Mai Tatata

Yaron da ke tsakanin shekara 1 zuwa 3 shi ne fasinjan da doguwar tafiya ta fi yi wa nauyi. Jinjiri a rungume shi, a ba shi nono, ya yi barci. Ɗan shekara 5 kuwa a yi masa bayani ya gane, ya zauna yana kallo. Amma mai tatata ya riga ya ɗanɗana daɗin takawa da ƙafarsa, bai kuma kai hankalin da zai fahimci dalilin da za a ɗaure shi a kujera awa 8 ko 12 ba. Idan ya ɓarke da kuka a cikin jirgi, kusan ko yaushe ɗaya daga cikin abu huɗu ne: kunnensa na ciwo, yunwa ko ƙishi, barcinsa ya wuce lokaci, ko zama ya ishe shi. A kan waɗannan huɗun duk shiri yake tsayawa, kuma mafi yawansa a gida ake gama shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun wajen sayen tikiti

Kamfanonin jirage suna barin yaron da bai cika shekara 2 ba ya yi tafiya a cinyar babba. Daga ranar da ya cika 2, dole sai da kujerarsa. Ku duba ranar dawowa da kyau: idan zai cika shekara 2 kuna can, to a dawowa kujera ta zama tilas, kuma gara a gyara wannan tun wajen yankar tikiti da a zo ana jayayya a filin jirgi.

Ko da bai cika 2 ba, idan akwai hali ku saya masa kujera. Yaro mai nauyin kilo 11 ko 12 a cinya na tsawon dare guda wahala ce ga ku duka biyun: ba ku iya buɗe teburin cin abinci, shi kuma ba ya iya miƙe ƙafa. Abin da ya fi wannan girma shi ne gargadar iska. Idan jirgi ya yi faɗuwar bazata, hannun mutum ba ya iya riƙe yaro, komai ƙarfinsa. Shi ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, take ba da shawarar a zaunar da ƙaramin yaro a kujerarsa ta mota wadda aka amince a yi amfani da ita a jirgi. Irin wannan kujera tana da tambari a jikinta da ke nuna amincewar, kuma galibi gefen taga ake ɗaura ta don kada ta tare wa kowa hanyar fita. Akwai kuma wata ɗamara mai suna CARES, da ake zagaya wa bayan kujerar jirgi, ga yaro mai nauyin kilo 10 zuwa 20. Ba ta da nauyi, a jaka ake jefa ta. Ko wanne za ku ɗauka, ku tambayi kamfanin jirgin tukuna, don dokokinsu ba ɗaya ba ne. Wanda zai zauna a cinya kuwa, jiragen Turai da wasu da yawa suna ba da ƙaramin bel da ake zura shi cikin na babba. Jiragen Amurka ba sa bayarwa.

Iyaye da yawa suna rububin kujerun da ke fuskantar bango, saboda gadon jarirai da ake maƙalawa a wurin. Ga mai tatata, ribar ba ta kai yadda ake zato ba. Gadon yana da iyakar nauyi da tsawo, yawanci wajen kilo 10 zuwa 14 gwargwadon kamfani, kuma yawancin masu tatata sun fi ƙarfinsa. Hannun kujerun wurin ba ya ɗaguwa, saboda haka yaro ba zai kwanta ya ɗora kai a cinyarku ba. Sannan lokacin tashi da sauka dole jakarku ta koma ma'ajiyar sama, daidai lokacin da kuka fi buƙatarta. Abin da wurin ya fi da shi kawai shi ne faɗin ƙafa, da rashin kujerar gaba da yaro zai riƙa shura. A kujerun da aka saba, ku sa yaro a gefen taga, ku ku zauna kusa da shi. Gefen hanya akwai keken abinci da ke bugun hannu da ƙafa, akwai shayi mai zafi da ake miƙawa ta kansa, kuma ta nan ne yaro zai sulale ya gudu. Layin ƙofar gaggawa ba a ba mai yaro.

Jirgin dare ya fi, idan yaronku mai iya barci a wajen gadonsa ne. Idan kun san ba ya runtsawa sai a inda ya saba, jirgin rana ya fi sauƙi, don kukan rana bai kai na tsakar dare ɗaga hankali ba. In akwai ya da zango, ku nemi na awa 2 zuwa 3. Ƙasa da haka, gudu za ku yi da yaro da kaya. Fiye da awa 5 kuma gajiya ce a kan gajiya.

Ku nemi abincin yara tun awa 48 kafin tashi, don ba a samun sa a cikin jirgi idan ba a yi oda ba, kuma wanda ke cinya galibi ba a lissafa shi a rabon abinci. Kowane yaro da fasfonsa, kuma ƙasashe da yawa suna son ya kasance da sauran wata 6 kafin ya ƙare. Idan ɗaya daga cikin iyaye ne kaɗai zai tafi da shi, ku riƙe takardar haihuwa da takardar amincewar ɗayan, don akwai iyakokin da ake tambaya. Katin riga-kafi ma ya shiga cikin takardu.

Jakar da za ta zauna ƙarƙashin kujera

Ku raba kayan hannu gida biyu. Babbar jaka ta tafi sama. Ƙarama, ta goyo, wadda ake zugewa da hannu ɗaya, ta zauna a ƙafarku, kuma a cikinta ne komai na awa 3 masu zuwa yake.

Lissafin famfas a yi shi daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki, ba daga tashi zuwa sauka ba. Jirgin awa 10 yakan zama tafiyar awa 17 ko 18 idan aka haɗa da zaman filin jirgi da layin shige da fice. A ƙirga famfas ɗaya duk awa 3, a ƙara 4 saboda jinkiri ko gudawa. Sai fakitin tsumman goge jiki mai danshi cikakke, shimfiɗar canji, da leda 5 ko 6 na zuba ƙazanta da jiƙaƙƙun kaya. Yaro kaya kala 2 na canji, ku kuma riga ɗaya, domin amai ba ya zaɓen wanda zai sauka a kansa. Kowane kala a naɗe shi a ledarsa daban, yadda za ku zaro guda ba tare da zazzage jaka ba. Cikin jirgi yakan yi sanyi da dare, ku haɗa da rigar sanyi mara nauyi da safa.

Dokar wajen bincike da ke hana wucewa da ruwan da ya fi mililita 100 a mazubi ɗaya ba ta hau kan madara da abincin yaro ba, muddin daidai buƙatar tafiyar ne. Ku fito da su daban ku nuna wa jami'ai, za su iya gwada su. Magungunan yaro, abin auna zafin jiki, da batirin cajin waya duk a hannu suke tafiya. Shi batirin ma an hana sa shi a kayan da ke shiga ƙasan jirgi. Abin da yaro ba ya barci sai da shi, ko bargo ne ko 'yar tsana, kada ya kuskura ya shiga akwati.

A filin jirgi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar yaro ɗaure a keken turawa har a kira shiga jirgi. Ya shiga da ƙarfinsa cur, sai a ce ya zauna. Awa ɗaya kafin shiga, ku nemi ƙofar da ba kowa ku sake shi ya yi ta gudu, ya hau, ya sauka, ya leƙa jirage ta gilashi. Sai ku canza masa famfas dab da shiga, don daga lokacin da aka rufe ƙofa zuwa a kashe alamar ɗaura bel ana iya cin minti 40 ko fiye.

Ana kiran masu yara su fara shiga. Idan ku biyu ne, ɗaya ya shiga da kaya ya shirya wuri, ɗayan ya tsaya da yaro a waje sai layi ya kusa ƙarewa. Shigar fasinjojin babban jirgi tana ɗaukar fiye da rabin awa, ba dalilin da zai sa yaro ya ƙone haƙurinsa tun jirgi na ƙasa. Idan ku kaɗai ne, ko kuna da kujerar mota da za a ɗaura, ku karɓi gayyatar ku shiga da wuri. Keken turawa akan karɓe shi a bakin ƙofar jirgi. Ku tambaya inda za a mayar muku da shi, don wani lokaci sai a wajen ɗaukar akwatuna, kuma tsakanin nan da can tafiya ce mai nisa. Abin goyo mai naɗuwa yana ceton mutum a nan, sai dai lokacin tashi da sauka za a ce ku kwance yaron daga ciki.

Kunne

Wannan ne ya fi buƙatar a fahimce shi. Idan jirgi ya kai sama, matsin iskar cikinsa yana komawa kamar na kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. A bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, da siririyar hanya da ta haɗa shi da bayan hanci. Duk lokacin da mutum ya haɗiyi yawu ko ya yi hamma, hanyar tana buɗewa matsi ya daidaita. A wajen ƙananan yara hanyar gajera ce, ƙunci gare ta, kuma ɗan mura kaɗan yana toshe ta. Wajen hawa, iskar da ke cikin kunne ce ke neman fita, kuma fitar ba ta da wuya. Wajen sauka kuwa sai iska ta shiga, a nan ne dodon kunne ke lotsawa ciki, ciwo ya taso. Shi ya sa kukan sauka ya fi na tashi yawa da tsanani.

Maganin shi ne haɗiya, a kuma daidai lokaci. Wajen tashi, kada ku ba shi nono ko fida tun jirgi na jan jiki a ƙasa, don yakan daɗe a layi, yaro ya ƙoshi kafin a ɗaga. Ku jira sai injin ya ɗauki ƙara jirgi ya zabura. Wajen sauka kuma, gangarowa tana farawa kimanin minti 30 kafin taya ta taɓa ƙasa, tun kafin mutane su lura. Da kun ji kunnenku ya fara toshewa, nasa ma ya fara. Ku riƙa ba shi ruwa ko madara kurɓi-kurɓi ta kofi mai tsinken zuƙa, ko abin tsotso idan yana amfani da shi, a ja abin har a sauka. Don haka a ɗan rage ba shi abin sha awa ɗaya kafin nan, yadda zai karɓa da marmari. Idan barci yake, ku tashe shi a hankali kafin gangarowa ta yi nisa, saboda mai barci ba ya yawan haɗiya. Alawa mai tauri da cingam, da manya ke amfani da su, ba na mai tatata ba ne. Suna iya shaƙe shi.

Yaron da ke fama da mura mai nauyi, zazzaɓi ko ciwon kunne a kwanakin tafiya, a kai shi likita ya duba kafin a tashi. Idan hanci ne kawai ya toshe, ɗigon ruwan gishiri na hanci da ake sayarwa a kantin magani yana taimakawa, a ɗiga minti kaɗan kafin tashi da kafin gangarowa.

Wani ɗan abu da ke jiƙa mutane: kofin da aka rufe gam a ƙasa, idan an kai sama iskar cikinsa ta kumbura, da an ɗaga tsinken sai ruwa ya yi tsartuwa har kan maƙwabci. Ku fara sassauta murfin ya huce, sannan ku miƙa.

Ci da sha

Iskar jirgi busasshiya ce, danshinta yakan gaza kashi 20 cikin 100. Ku riƙa miƙa masa ruwa duk awa, ko bai nema ba. Ruwan famfon banɗakin jirgi ba na sha ba ne. Ku roƙi na roba wajen ma'aikata. Abin taɓawa kuma ku ɗauko wanda ya riga ya sani, a yanka ƙanana a zuba a 'yan robobi daban-daban, don ci ɗaya-ɗaya shi kansa aiki ne da ke cinye lokaci. Ku guji mai sukari da yawa. Inabi sai an tsaga shi ta tsawo, gyaɗa da gugguru kuwa a bar su gaba ɗaya a wannan shekarun. Duk lokacin da yaro ke jikinku, ku haƙura da shayi da kofi. Girgiza ɗaya ko miƙa hannu ɗaya ya isa ƙuna.

Rabon awanni

Hankalin mai tatata ba ya daɗewa a kan abu guda. In ya yi minti 10 ko 15 an ci riba. Saboda haka kada ku zube masa kayan wasa gaba ɗaya. Ku tanadi ƙananan abubuwa 8 zuwa 10 da bai taɓa gani ba, ku naɗe kowanne a takarda, ku riƙa fito da ɗaya bayan ya gaji da na baya. Warware takardar ma wasa ne. Abin da ke aiki: takardun manne da zai liƙa ya ɓamɓare, ƙaramin littafi mai kauri da hotuna, allon zane na ruwa, kofuna masu shiga cikin juna. Abin da ke jawo wahala: ƙwallo da duk mai gangarawa, mai ƙara, da mai ƙananan gutsattsari da za su ɓace ƙarƙashin kujera. Ku lura da yadda yaro zai ɗauki kofin roba biyu da ma'aikaciya ta ba shi, ya sa murfin gora a ɗaya, ya juye a ɗayan, ya sake juyewa, yana leƙawa kamar zai ga sabon abu. Kada ku katse shi don ku nuna masa abin da kuka sayo.

Tsakanin wasa da wasa, idan alamar bel a kashe take kuma ba keken abinci a hanya, ku riƙe hannunsa ku taka zuwa bayan jirgi ku dawo. Ku sa masa takalmi ko safa mai kauri. Da ya zauna kuma, ku cire takalmin, don shurin ƙafa tsirara bai cika damun na gaba ba, shi ma ba ya jin daɗin yin sa.

Waya ko allon hannu ku ajiye su sai ƙarshe, lokacin da sauran dabaru suka ƙare, musamman awa 2 na ƙarshe da lokacin da dole ya zauna a ɗaure. Ku sauke abin kallon tun a gida, ku gwada shi intanet a kashe. Abin sauraro na jirgi ba ya zama a kunnen yaro. Ku sayi na yara mai rufe kunne wanda sautinsa ba ya wuce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), ku saba masa da shi kwanaki kafin tafiya.

Barci, da maganar maganin barci

Yaro yana gane lokacin barci ne ta abubuwan da aka saba yi masa. Bayan an kwashe kwanukan abinci an rage fitila, ku canza masa famfas, ku sa masa kayan barcinsa, ku rufe taga, ku kashe allon kujera, ku yi masa abin da kuke yi a gida, ko labari ne ko waƙa, a bisa jerin da ya sani. Kada ku jira sai ya fara murza ido yana rigima, don wanda barci ya wuce masa ya fi wuyar kwantarwa. Idan ya kwanta, ku ɗaura bel a kan bargo yadda ma'aikata za su gani, kada a tashe shi idan gargada ta zo. Kwanciya a ƙasa an hana, saboda ba bel a can, kuma abin shaƙar iska na gaggawa, wanda ke faɗowa daga saman kujera, ba zai kai gare shi ba.

Za ku ji masu cewa a ba yaro maganin mura ko na ƙaiƙayi don ya yi barci. Kada ku yi. Irin waɗannan magunguna a jikin wasu yara akasi suke yi, yaro ya birkice ya kasa zama. Wanda ake kira furometazin kuwa an hana ba wa yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi, ga shi kuna sama nesa da asibiti. Farasitamol na yara ku riƙe shi don zazzaɓi ko ciwon kunne, a kan awon da likita ya ba ku gwargwadon nauyin yaron, da sirinjin awonsa. Asfirin ba a ba yara.

Banɗaki

Ba kowane banɗaki ke da teburin canji ba. Ku tambayi ma'aikata wanne ne. Teburin a saman masai yake, ana sauke shi daga bango, kuma ƙarami ne, don haka famfas mai shiga kamar wando ya fi sauƙi, a canza yaro a tsaye. Ku shiga da famfas ɗaya, tsumma da leda kawai. Ƙarar zuƙar masan jirgi tana firgita yara ƙwarai, har wani ya ƙi sake shiga. Ku rufe murfin, ku buɗe ƙofa ku fitar da shi, sannan ku danna. Wanda ake koya wa fo, a sa masa famfas na ranar nan. Alamar bel tana iya kamawa awa guda ba a kashe ba.

Idan rigima ta ɓarke duk da haka

Ku bi abu huɗun nan ɗaya bayan ɗaya: kunne, ciki, barci, zama. Ku duba famfas, ku taɓa bayan wuyansa ku ji ko zafi ya yi masa yawa. In an yarda a tashi, ku ɗauke shi zuwa bayan jirgi inda ƙarar inji ke rufe kuka, ku rungume shi kuna jijjigawa kuna magana ƙasa-ƙasa. Tsawa da duka ƙara wutar suke yi, kuma yaro yana jin tashin hankalinku a jikinku tun kafin ku buɗe baki. In alamar bel a kunne take, ya zauna a ɗaure ko yana kuka. Wannan ba abin sassauci ba ne. Kalma ɗaya ta ban haƙuri ga maƙwabta ta wadatar, sauran hankalinku na yaron ne. Idan ku biyu ne, ku yi karɓa-karɓa na awa bibbiyu, mai hutu ya huta da gaske. Idan ku kaɗai ne, ku gaya wa ma'aikata tun farko. Za su iya ajiye muku abinci sai yaro ya yi barci. In kuma abin shaƙar iska ya faɗo, ku fara sa naku kafin nasa, don sakanni kaɗan ne mutum ke da su kafin hankalinsa ya gushe.

Bayan sauka

Ku bar mutane su fita, ku laluba aljihun kujera da ƙarƙashinta, nan ne abin barcin yaro ya fi ɓacewa. Idan agogon inda kuka je ya bambanta da na gida, jiki yakan ɗauki kimanin kwana ɗaya ga kowace awa ta bambanci kafin ya daidaita, kuma tafiya gabas ta fi wuya. Ku fitar da shi hasken rana, ku ba shi abinci a kan agogon wurin, barcin rana kada ya wuce awa 2. In ya farka tsakar dare, ku bar ɗakin da duhu, ku ba shi ruwa ko ɗan abin taɓawa, ba kallo ba wasa. Kwana biyun farko kada ku cika su da zirga-zirga. Idan bayan kwana 2 har yanzu yana jan kunne yana kuka, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko ruwa na fita daga kunnen, a kai shi asibiti.